Babbar Riga a Gonar Riɗi

Ku yaran da ke aikin sito yanzu, ku saurara. Ni har gobe ban manta ranar da aka zo ɗaukar manomanmu hoto a Ruwan Gizo ba.

Lokacin ina mai awo a ƙungiyar manoman riɗi, nan Talata Mafara. Muna sayar wa wasu Turawa a kan tsarin da suke kira cinikin adalci, wato su saya da daraja, mu kuma mu yi alkawarin ba a cuci manomi ba. Wata kaka sai Manaja ya tara mu, fuska ba annuri. Ya ce kasuwarmu ta hau a Holan da Faransa, amma a Jamus ta kwanta, domin can mata ba su ɗaukar kwalin riɗi a kanti sai sun ga fuskar wanda ya noma. In hoto bai isa ba cikin makon, ba za su sabunta oda ba.

Ni aka aika in sanar da manoman. Na yi gaisuwa yadda ta kamata, na ce ranar Alhamis hoto za ya tafi Turai.

Alhamis muka iso da mai hoto. Wallahi na zaci ɗaurin aure muka tarar. Kowa ya sha babbar riga, ƙamshin turare ya cika gona. Malam Bawa, dattijon manoman, har da takalmin da ya sayo a Makka.

Manaja ya ce, "Baba, kayan aiki suke so. Ina rigar da kake noma da ita?"

Malam Bawa ya dube shi sama da ƙasa. "Waccan mai huji ga kafaɗa? Ita za a kai Jamus? Ɗana, ina da surukai."

"Surukanka ba su zuwa Jamus, Baba."

"Kai ka san inda hoto ka kwana? Sun ce adalci suka yi muna, ko? To su ga adalcin ga jikina."

Manaja ya juyo gare ni, wai in lallashe shi. Na duba, ashe ni ma shadda ce a jikina.

Da rana ta take, aka daidaita. Malam Bawa ya yarda ya naɗe hannun riga a kafaɗa ya riƙe lauje, amma ya ce ba za ya duƙa ba. Haka aka ɗauka. Manaja ya aika yana salati.

Bayan kwanaki amsa ta zo. Sun sabunta oda, kuma hoton Malam Bawa suka zaɓa. Tambaya guda suka yi: wai shi ne sarkin garin?

Abin da na koya ke nan. Manomi za ya ba ka riɗinsa mai kyau, ya jira mota har ta zo, ya yi haƙuri da surutun mai awo. Amma in za ka nuna shi ga baƙi, ka bari ya shiga ɗaki tukuna.