Kwalin Takalmin Marlys

Ranar Asabar ɗin da ta wuce cibiyarmu ta mata ta shirya walimar karrama Marlys Koskela. An sassaƙa sunanta a jikin katako, an yi jawabai. Ban je ba. Ita ma ba ta je ba, an ce kujerarta suka yi wa tafi. To, tunda sun faɗi nasu, bari ni ma in faɗi nawa, don a cikin masu jawaban nan babu wadda ta taɓa manna kan sarki ko ɗaya saboda wata.

Shekarar Marlys saba'in da shida. Nan Duluth aka haife ta, ubanta leburan tashar jiragen ruwa ne. Tana gama sakandare ta shiga gidan waya, ta yi shekara talatin da huɗu a tsaye tana ware wasiƙu, har jijiyoyin ƙafarta suka firfito kamar igiya. Gajeriya ce, kakkaura, gashi a aske. Ta daina shan taba tuntuni, amma muryar ba ta sani ba. Ba ta da fara'a, kada wani ya yi muku ƙarya. Shekara ashirin da shida suka zauna da masoyiyarta Joanne, kuma ko a jana'izar Joanne sai da ta yi wa mai kawo furanni faɗa.

Abin da muka san ta da shi shi ne Takarda. Haka kawai muke kiranta. Falle ɗaya ne, gaba da baya, duk farkon wata. A ciki za ki ga gidan da za a haɗu a ci abinci, kowa da kwanonta. Za ki ga ranar wasan ƙwallo, da ranar zuwa kamun kifi a kan ƙanƙara, da likitar da ba za ta tambaye ki ina mijinki ba. Akwai zaman da ake yi ranar Talata don waɗanda suka rabu da masoyansu, akwai littattafan aro, akwai wadda ke neman abokiyar hawan dutse. Duk wata 'yar maɗigo daga nan har bakin iyakar Kanada, in ta san akwai irinta a duniya, to da wuya in ba ta hanyar Takarda ta sani ba.

Ina da shekara ashirin da uku na kira lambar Marlys. A bangon ban-ɗakin wata mashaya na gan ta. Ina gidan mahaifiyata lokacin, na shirya dogon bayani. Ko sunana ba ta bari na gama faɗa ba.

Ta ce, "Wa ke buɗe akwatin wasiƙu a gidanku?"

Na ce, "Mamata."

"Tana ɗaga ambulan ta haska a taga?"

"Tana yi."

"To zan naɗe taki a cikin takardar tallan iri. Kina son shuka?"

Na ce ko kaɗan. Ta ce, "Daga yau kina so, yarinya."

Tambayar da take yi wa kowa ke nan, amsar kuma tana rubuta ta a kati, katin yana shiga wani tsohon kwalin takalmi. Kati ɗari biyu da sha biyu. A sama suna da adireshi, a ƙasa abin da ya fi su muhimmanci. Wannan a aika mata wurin aiki. Wannan kada a sa sunan mahaifinta, ƙanwarta ce ke raba wasiƙun garin. Wannan a tsallake watan da mijinta ke hutu. Waɗanda ke cikin haɗari sosai ta ɗiga musu jan biro a kusurwa, su arba'in da ɗaya. Ambulan fara, rubutun hannu, babu sunan mai aikowa. Takan ce mai raba wasiƙu ba ya buɗe komai, amma yana da ido, yana da mata, matar kuma tana zuwa coci. Ita ta yi aikin, ta san abin da take faɗa.

Cikin masu jan ɗigon nan akwai Ardis Bakke, matar manomi a wani ƙauye tafiyar awa biyu arewa da mu. Shekara ashirin da bakwai tana karɓar Takarda, ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa taro ba, babu wadda ta san fuskarta. Sau ɗaya ta taɓa kiran Marlys a waya, ta ce a akurkin kaji take karantawa, sai ta haddace wa zai kawo wane abinci, sannan ta jefa a murhu. Da mijin ya mutu muka ce yanzu za ta fito. Ina! Ɗanta da matarsa suka tare a gidan. Abu ɗaya take yi: duk kaka sai kwalba ta iso wa Marlys ta gidan waya, kokwamba tsumamme irin wanda take sayarwa a kasuwar garinsu, shekara a rubuce a murfi, babu wasiƙa. Marlys ta cinye, ta wanke kwalbar, ta jera a saman kabad.

Bara hannun Marlys ya fara rawa. Adireshi ɗaya sai ta ɓata ambulan uku. A nan ne na shigo da nawa wayon, kuma ba zan ɓoye ba. Ni na ce mata ta miƙa kwalin ga cibiya.

Na ce, "Haba tsohuwa, kin yi naki. Yaran nan suna da kwamfuta, minti goma sun gama."

Ta ce, "Ke dai tuƙa motar makarantarki, Rhonda. Kwamfuta ta san surukar Ardis?"

Wata uku ina yi mata naci. Gaskiya kuma ina gudun kada ta ce ni zan gaji aikin, don ina ƙin rubutu. Ranar da ta yarda ni na kai ta. Ta zaunar da Kendall, sabuwar shugabar cibiyar, awa biyu cur tana nuna mata katunan ɗaya bayan ɗaya. Kendall ba muguwa ba ce, shi ne abin haushin. Yarinya ce 'yar shekara ashirin da tara, da digiri biyu, hoton aurenta da matarta a bango, uwarta da ubanta a gefe suna dariya. Tana ta kaɗa kai tana cewa, "Kai, wannan ai tarihi ne!" Da na san me take nufi da tarihi, da a nan na fizge kwalin.

Sunaye da adireshi kawai Kendall ta shigar a kwamfuta. Rubutun ƙasa kuwa, wai babu gurbinsa.

Wata biyu bayan nan na buɗe akwatin wasiƙuna, na ga kati mai sheƙi, tsirara, ba ambulan. Hoton mata biyu suna sumba a bakin tafki, a sama da manyan baƙaƙe: kwana uku na gano kai da warkar da zuciya, don 'yan maɗigo. A baya sunana da adireshina. Ni babu abin da zai same ni, ina da matata, maƙwabta sun sani. Amma sai da na zauna a kan matakala, don na san kati ɗari biyu da sha biyu aka buga.

Ban kai ga shiga gida ba waya ta yi ƙara. Marlys ce. "Zo ki ɗauke ni." Ta kashe.

Muka tarar da Kendall tana shan wani koren ruwa a kwalba. Marlys ta ajiye katin a gabanta.

"Ina ambulan?"

Kendall ta ce, "Mun rage ɓarnar takarda ne, Marlys. Kuma, ki yi haƙuri, ai zamanin ɓuya ya wuce. Ambulan fara ɗin nan tana gaya wa mace cewa ita abin kunya ce. Mu so muke su yi alfahari."

"Su yi alfahari. A wane ɗaki? Ke za ki ba su wurin kwana?"

"Ba na jin a wannan zamanin akwai wadda..."

"Ba kya ji. Awa biyu na yi ina miki magana, na lura ba kya ji. 'Yar nan, ke ranar da kika gaya wa uwarki, wa ya zaɓar miki ranar?"

Kendall ta ce, "Ni."

"To su ke kika zaɓar musu. Ba ni kwalina."

Kendall ta fashe da kuka, har wata ta zo tana shafa mata baya tana cewa kada ta ɗora wa kanta laifi. Tir! Ita aka rarrasa. A taron kwamiti na gaba kuwa suka rubuta cewa an samu damar koyon darasi. Da kalmomin nan, na gani da idona.

Mata uku suka rubuto a cire su. Ta ukun Ardis ce. Mai raba wasiƙu a hannun surukarta ya danƙa katin, yana murmushi. Wasiƙar layi biyu ce, da rubutun nan da muka sani a murfin kwalabe: "Kun yi kuskuren adireshi. Ban san ku ba, kada a sake aiko mini da komai."

Marlys ta karanta, ta ninke. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Sati biyu ba ta ɗaga wayata. Ranar wata Juma'a sai ga kiranta: "Gobe kasuwar garinsu ke ci. Ki zo da tsani, ki sauko mini da kwalabe."

Guda uku ta zaɓa, tsofaffin ciki. Ta sa su a jakar takarda, ta shimfiɗa kwali a ƙasa, a ƙarƙashin kwalin ta kwantar da Takardar watan a ninke huɗu. A can haka ake yi, in ka cinye ka mayar wa mai sayarwa da kwalbarta, babu mai kallon jakar sau biyu.

Ba mu sha wuyar gane teburin ba. Doguwar tsohuwa ce siririya, da rigar sanyi mai ruwan toka, hannayenta manya kamar na namiji. A gefenta surukar a zaune, tana bin duk mai zuwa da ido.

Marlys ta ɗora jakar. "Na dawo miki da kayanki, baiwar Allah."

Ardis ta zaro kwalba ɗaya ta juya murfin. Shekarar farko ce a jiki. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗago ta dubi gajeriyar matar nan mai askakken kai.

Ta ce, "Kwalbar nan ta daɗe."

Marlys ta ce, "Ni ma na daɗe."

Surukar ta leƙo. "Mama, kin san su ne?"

"Masu saye ne." Ta tura jakar ƙarƙashin tebur da ƙafa, can wajen nata gefen. "Akwai sauran irinsu a wurinki?"

"Ashirin da huɗu."

"Kada ki kwaso su gaba ɗaya, ba ni da wurin ajiya. Ɗaya-ɗaya, duk farkon wata."

Surukar ta ce, "Mama, ai kwalabe sun cika mana ɗakin ajiya."

Ardis ta ce, "Waɗancan bakinsu ya gutsure. Miƙa wa matar nan babba guda."

Ni aka miƙa wa. A duniya babu abin da na tsana kamar kokwamba tsumamme, warinsa kaɗai yana tayar mini da zuciya. Yanzu kwalba bakwai ne a firijina, don ba a zuwa teburin mutum a tafi hannu wofi, surukar tana kallo. Marlys ta ce in ci in wanke, za mu buƙace su in ashirin da huɗun nan sun ƙare.

Duk ƙarshen wata ina teburin kicin ɗinta da ambulan talatin da takwas na sauran masu jan ɗigo, ina rubutu tana tsaye a kaina. "Wannan bakwai ne ko ƙugiya? Sake. Rubuta kamar ƙawar makaranta, ba kamar mai karɓar haraji ba." Sauran mata biyun ba su sake rubutowa ba. Katunansu suna nan a kwalin, Marlys ta ƙi cirewa, ta ƙi kuma yarda a aika musu, don ba mu san wa ke buɗe akwatinsu yanzu ba.

Shekaranjiya Kendall ta kawo katakon yabon har gida, da furanni. Marlys ta karɓa a bakin ƙofa, ta ce an gode, ba ta ce ta shigo ba. Teburin da nake rubutu a kai dama ƙafarsa ɗaya gajera ce, yana ɓata mini adireshi. Yanzu ya daina girgiɗi.