Babur Ɗin Da Ka Hana Ni, Safarali Babai

Ranar Laraba, sha tara ga watan Fabrairu, da hantsi, aka same ni a ɗakin girkin makarantar ƙauyenmu inda nake aiki, aka ce Safarali Babai, wato Kaka Safarali da harshenmu, ya cika. Mu duka na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Bai yi jinya ba. Matarsa Minzifa apa, wato Yaya Minzifa, ta ce ya sha shayinsa da madara, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa kafin ya leƙa rumfar aiki, shi ke nan.

Babai, har yau kunnena bai yarda ba. Duk safiya ina jiran tarin tsohon inji daga bayan gidanka, da wannan shuɗin hayaƙin da Minzifa apa ta gaji da yi maka faɗa a kansa. Unguwa ta yi tsit, kuma ba na son shirun.

Kowa a fadamar nan ya san aikinka. Babur mai tafiya a kan ƙanƙara da aka yar a bayan gida, tsatsa ta ci, kaji suna ƙwai a mazauninsa, shi kake ja zuwa rumfarka. Ka warware shi, ka wanke kowane ƙarfe da kananzir, ka mayar masa da fentinsa na asali. Sababbin da samari ke sayowa daga birnin Tobolsk ba ka zage su ba, kakan shafa su ka ce kyawawa ne. Amma zuciyarka tana wurin tsofaffin, masu ƙafar sulɓi ɗaya a gaba da igiyar tayarwa, waɗanda sifana biyu da guntuwar waya ke isa a yi musu magani a tsakiyar daji. A kan irinsu ka kai masu naƙuda asibiti, ka ɗauko liman ranar da wani ƙauye ya rasa mai yi wa gawa salla.

Sai dai kana da doka guda wadda ta sa mutane da yawa suka yi fushi da kai, ni ce kan gaba. Ba ka miƙa wa mutum babur ɗin da ka gyara sai ya kwance shi ya ɗaura a gabanka, a waje cikin sanyi, da safar hannu.

Tun da mijina Rishat ya rasu nasa babur ɗin ke kwance a ƙarƙashin tamfol. Mahaifiyata kuwa tana can ƙauyenmu na haihuwa, ƙetaren fadama, inda ba a zuwa sai ruwa ya daskare. Ta tsufa, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, bana kuma aka aiko cewa tana ta kiran sunana. Mazan unguwa sun tafi aikin rijiyoyin mai, babu mai kai ni. Idan ƙanƙara ta narke ban je ba, sai wani hunturun, kuma ban san ko za ta kai ba. Na kawo maka babur ɗin, ka tashe shi, ka kuma zare makullin ka jefa a aljihu.

Na ce, "Babai, don Allah ka ba ni abina. Tuƙi zan yi, ba kanikanci ba."

Ka ce, "To, idan ya mutu miki a tsakiyar fadama fa? Kyarkeci za ki kira ya riƙe miki sifana?"

"Ni da ko zaren allura ba na gani!"

"Kina cire wa yara arba'in ƙayar kifi kullum, 'yata. Sa safar ki durƙusa."

Na durƙusa ina ƙunƙuni. Noti ya faɗa cikin dusar ƙanƙara, ka tsaya kana kallon sama har na tono shi. Na ɗaura kafireta a juye, ka yi dariya har hularka ta faɗi. Kowace yamma in tafi gida da rantsuwar ba zan dawo ba, kashegari in dawo. Ranar Talata ka ce saura kaɗan, ka sake warware abin da na ɗaura don darasin gobe.

Bayan sadakar uku Minzifa apa ta ciro makullin daga aljihun rigarka ta damƙa mini. Na samu komai yadda ka bar shi, ƙarafa jere a kan tsumma, ƙanana a hagu, manya a dama. Babu mai kallona, cikin rumfar kuma da ɗumi, amma na ja babur ɗin waje, na sa safar hannu. Da na gama na ja igiya ya tashi, sai na waiga in ga fuskarka. Nan na zauna a kan ƙanƙara na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Na kama hanya da safe. Can tsakiyar fadama, inda babu komai sai fari da guntayen itatuwa, injin ya yi tari ya mutu. Sai na ga hannuna ya riga ni, ya cire fulogi, ya zaro ɗayan da ka ce in riƙa ajiyewa a cikin riga don kada ya yi sanyi. Ja na biyu ya amsa.

Na tarar da mahaifiyata da rai, zaune kusa da murhu. Ta shafa fuskata ta ce wa ya kawo ni. Na ce ni na kawo kaina, Safarali ne ya koya mini. Labarin rasuwarka bai riga ya ƙetara fadama ba. Ta yi murna, ta ce ai tare kuka yi ƙuruciya, tun kana yaro kake da taurin kai. Ta sa aka ɗauko safar ulu da ta saƙa, ta ce in kai maka, in ce ka zo da kanka kafin ƙanƙara ta narke. Na karɓa, Babai. Na kasa gaya mata ka rasu, haka na dawo gida da safar.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka. Yadda ka ƙi barin kowa ya maƙale a hanya, Allah kada Ya bar ka kai kaɗai. Ina miƙa ta'aziyyata ga Minzifa apa, da ɗanku Ilnur, da 'yarku Gulfira, da dukan mutanen fadama. Allah Ya ba mu haƙuri. Ku sa ni ma a addu'a, domin gobe zan koma wurin tsohuwa, kuma na san abin da za ta fara tambaya shi ne ko safar ta yi maka daidai.