Ruwan Ummuhan

Duk wanda ya taɓa shiga ƙaramar bas daga Egirdir zuwa ƙauyen Kizilbelen ya san Shevket. Ko bai san sunansa ba, ya san gashin bakinsa da ƙarar ham ɗinsa. Tun yana saurayi yake jan motar nan. Ya loda fasinja da buhunan gari a bakin tafki, ya bi hanyar da ta nannaɗe dutse har inda kwalta ta ƙare. Nan ce tashar ƙarshe, daga nan sai ƙafa.

Lokacin da masu hawan dutse suka fara zuwa da manyan jakunkuna a baya, mutanen ƙauye dariya suka yi ta yi. Wai mutum ya biya kuɗin mota don ya zo ya taka inda mu ba ma takawa sai akuya ta ɓata. Shevket bai yi dariya ba, don kujerunsa ne suke cika. Hanyar tasu alama gare ta, layin fenti ja da fari a jikin duwatsu. Tana hawa har ƙololuwa inda ake hango tafkin gaba ɗaya, ta zagayo ta unguwar sama, ta gangaro tasha. Tunda shi ke cin moriyar baƙin, mai unguwa ya ɗora masa sabunta fentin duk lokacin da ƙanƙara ta narke.

A unguwar sama ba wanda ya rage sai Baba Durmush, tsohon makiyayi, abokin marigayi uban Shevket. Da matarsa Ummuhan ta rasu, ya yi mata abin da ake yi wa mamacin da ake ƙauna. Ya jawo ruwa daga idon ruwan da ke bayan gidansa, ya gina famfo na dutse a bakin hanya, ya ɗaure masa moɗa da sarƙa, ya sa aka rubuta sunanta da roƙon Fatiha ga duk wanda ya sha. Baƙin nan kuwa da ƙishi suke saukowa. Musulmi ya sha ya karanta. Wanda ba Musulmi ba ya sha ya dafa ƙirji, Baba Durmush ya ce wannan ma Allah ya san yadda zai lissafa.

Matsalar ita ce tsohon ba ya sakin baƙo. Sai an sha shayi, an ci cuku, an ji yadda ya sace Ummuhan daga gidan ubanta a kan alfadari. Shi kuwa Shevket yana tasha yana danna ham, fasinja suna tsine masa, rana tana faɗuwa, ga hanyar gangare ba fitila. Ba zai iya tafiya ya bar baƙi a kan dutse ba, ba zai iya ce wa abokin ubansa ya rage surutu ba.

Sai ya yi wayo irin na mai jin kunyar magana. Da bazara ya hau da gwangwanin fenti uku maimakon biyu. Ya shafe tsofaffin alamun da fenti ruwan toka, ya buɗe sabuwar hanya ta cikin kwarin bishiyoyi, wadda ke faɗowa tasha kai tsaye. Bai gaya wa kowa ba. Baƙi suka riƙa iso masa da wuri, suna yaba inuwar hanyar, shi ma yana isa gida abinci da zafinsa. Gaskiya ya ji daɗi, na ɗan lokaci.

Ranar Alhamis ce kasuwar Egirdir, kuma kujerar gaba ta Baba Durmush ce, ko gwamna ba zai zauna masa a kai ba. Nan Shevket ya fara shan azabarsa. Tsohon ya ce bana shiru, ya wanke moɗa, ya share gindin famfo, ya dafa shayi har ya huce, ba ko mutum ɗaya. Ya ce ruwan yana ta zuba a banza, Ummuhan kuma tana can kabari tana jiran Fatiha.

"Baƙi sun ragu bana, Baba," in ji Shevket, idonsa a kan titi.

A bayansu ɗalibai ne cike da mota, jakunkunansu har rufi. Baba Durmush ya waiwaya ya dube su, ya juyo ya ci gaba da kallon hanya. Shevket ya gwammace da an mare shi.

Matarsa Nurten ce ta fara ganowa, wajen wanki, da ta ga toka-tokan fenti a wandonsa. Ba ta raga masa ba. Ta ce Ummuhan ce ta karɓi haihuwar ɗansu na fari lokacin da ƙanƙara ta toshe hanya, shi ne yanzu ya tsare mata lada don miyarsa kada ta huce. Ya rantse zai gyara. Ya ce bari a gama tsinkar tuffa, motar ba ta hutawa. Aka gama, ya ce bari a yi bikin ƙanwarsa. Aikin kansa bai fi na wuni guda ba. Abin da ya gagare shi shi ne ya wuce ta ƙofar tsohon da gwangwani a hannu, a tambaye shi me yake gyarawa. Ya daina cin abinci da daɗi, ya zama mai faɗa da fasinja a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Wata Alhamis, ganye ya fara zuba, ya tarar da Baba Durmush a tasha da awakinsa duka, ragowar garken da ya yi rayuwarsa a cikinsa. Aka cusa su bayan mota, suna kuka har kasuwa. Shevket bai tambaya ba, don yana tsoron amsar. Da la'asar tsohon ya dawo ba akuya ko ɗaya, 'yan dako na biye da shi da naɗe-naɗen baƙin tiyo, kowanne ya kai tayar tirela.

Da hannunsa Shevket ya ɗaure su a rufin mota. Ya ja motar, ya yi ta ja. Da suka isa tasha fasinja suka watse, ya rage su biyu da tulin tiyo. Nan tsohon ya bayyana masa shirinsa: zai jawo ruwan daga unguwar sama har gindin bishiyar tashar, ya sauko da dutsen sunan, tunda yanzu nan mutane suke.

"Baba, bari. Mu mayar da tiyon nan, mu karɓo awakin. Gobe zan hau in..."

"Ka hau ka yi me, ɗana? Na bi sabuwar hanyarka tun satin farko, da sandata. Ta fi tawa, wallahi. Akwai inuwa, ba santsi. Ni ma da ni baƙo ne ita zan bi."

Ashe duk Alhamis ɗin nan tsohon ya sani, yana zaune kusa da Shevket yana sauraron ƙaryarsa.

"Me ya sa ba ka yi magana ba, Baba?"

"Na ce ko za ka zo da kanka. Na yi ta dafa shayi." Ya sunkuya da kyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kwance naɗi na farko ya miƙa masa bakin tiyon. "Awakin dama sun fi ƙarfina. Riƙe min nan, ka ja shi sama, ni ba zan iya hawa da shi ba."

Shevket ya karɓa. Ya saɓa tiyon a kafaɗa ya kama hawa ta tsohuwar hanya, yana taka duwatsun da ya shafe da hannunsa, hawaye na gangarowa cikin gashin bakinsa.