Farin Ƙyalle na Baba Ne

Bayan rasuwar maigidana, Allah Ya jiƙansa, na daɗe ban ɗora tukunya ba. Ba don babu ba. Hannuna ne ya saba da awon mutum biyu, in na dafa sai rabin ya zauna yana kallona. Wata safiya sai ga maƙwabciyata, wadda duk layinmu ke kira Mai Keke saboda keken ɗinkinta, ta yi sallama riƙe da wata 'yar leda mai faɗi kamar tafin hannu, ga tauri kamar dutse.

"Inna, miya ce, cin mutum ɗaya. Ki sa a ƙaramar wuta."

Na ce, "'Yar nan, da wannan ai sai a jefi ɓarawo."

Ta yi dariya ta wuce. Ranar na ci na ƙoshi.

Mai Keke mace ce mai hidima da yawa. Mijinta direban babbar mota ne, yau yana gida, gobe hanya ta ɗauke shi. Ga yara 'yan makaranta, ga ɗinkin mutane, ga surukinta, mahaifin mijin, wanda kowa ke kira Baba. Idonsa ya yi rauni, likita kuma ya hana shi gishiri. Abin da ya riƙe mata gidan nan duka shi ne wata tsohuwar firiza da ke tsaye a lungu, tsakanin kicin da ɗakin ɗinki, kullum tana gurnani.

Ranar da kayan miya suka yi araha, keke hutu yake samu. Sai ta niƙa tumatir ta dafa har ruwan ya tsotse. Alayyafo ta tsoma shi a tafasasshen ruwa ta tsamo nan take, ta watsa masa na sanyi. Kifi da kaza ta gyara, ta raba daidai girki ɗaya-ɗaya. Ba ta sa abu da zafinsa, sai ya huce sarai. Ta zuba a leda, ta matse iskar, ta ɗaure, ta danne da tafin hannu ya baje, don ya yi saurin narkewa. Abin da ya narke ba ya komawa. In an ɗauke wuta kuwa, sai ta lulluɓe firizar da tsohon bargo ta ce wa yara, "Wanda ya buɗe ta, ni da shi ne."

Kowace leda da guntun ƙyallen ɗinki take ɗaure ta. Shuɗi ɗanyen kaya ne. Ja na mutan gida ne, mai gishiri da yaji. Fari na Baba ne.

Shi Baba bai yarda da firiza ba ko kaɗan. Cewa yake abincin da ya kwana cikin ƙanƙara ya riga ya mutu. Amma kullum sai ya sa wa girkin Mai Keke albarka. Bai taɓa tambayar daga ina kwanonsa ke fitowa ba, ita ma ba ta taɓa kai zancen ba.

Sai ga shi likita ya ce za a yi mata tiyata, za ta kwana biyu a asibiti. Ba wuƙar ce ta dame ta ba, Baba ne. Maganinsa ba a shan shi da yunwa, shi kuma tsohon in abinci bai yi masa ba, rufe baki yake yi ruf. Ta ture ɗinki gefe, ta yi ta girki tana ɗaurewa da farin ƙyalle har firizar ta cika. Ana gobe za ta tafi, ta shigo ta ba ni amanar Baba.

Babbar 'yar Baba ce ta zo riƙon gida, wadda suke kira Yaya. Da na leƙa da safe, sai ta tare ni a bakin kicin.

"Inna, ki huta abinki. Ina raye ubana ba zai ci kwantai ba."

Na koma gida. Yaya ta dafa sabo, babu gishiri kamar yadda aka ce. Baba ya kai cokali ɗaya.

"Wa ya dafa?"

"Ni ce, Baba."

"Allah Ya yi albarka. Ɗauke."

Ta sake wani, ya ce ruwan wanke tukunya ne. Ta sa gishiri kaɗan a ɓoye, ya ce so take ta gaje shi da wuri. Kafin a ankara tsoho ya koma sallah a zaune. Da Yaya ta ga abin ya fi ƙarfinta, da kanta ta zo.

"Inna, zo ki ga ikon Allah. Mutumin nan zai ja min zagi a dangi."

Na bi ta gidan, na ɗaga murfin firiza, na zaro leda mai farin ƙyalle. Na juye a tukunya da ɗan ruwa, na rage wuta. Tana narkewa ƙamshi ya tashi: albasar da aka soya a hankali har ta yi ja, ga citta, ga tafarnuwa, ga ɗan tsamin lemo. Da su Mai Keke ke cike gurbin gishiri. Ban kai ga juyewa ba na ji muryar Baba daga ɗaki.

"Yaushe aka sallamo ta ba a gaya min ba?"

Na kai masa kwano na zauna. Na ce, "Ba ta dawo ba, Malam. Hannunta ne dai. Daga cikin firiza na ɗauko."

Ya dakata da cokali a hannu. Yaya na bakin ƙofa ko motsi ba ta yi.

"Daga akwatin nan mai gurnani?"

"Daga shi."

"Tun yaushe nake cin na ciki?"

Na ce wannan sai ta dawo ya tambaye ta. Ya ɗanɗana. Ya ƙara. Sai da ya kusa ganin gindin kwano ya ɗago ya ce, "To, ashe akwatin yana da amana. Miƙo min maganin nan."

Allah Ya ba Mai Keke lafiya, ta dawo ta tarar da Baba a tsaye kan sallaya. Da ta durƙusa gaishe shi, sai ya ce, "Ke, 'yar nan, shekara nawa kina ba ni ƙanƙara?" Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Yaya kuwa da za ta koma gidanta, sai da ta cika jaka da guntayen ƙyalle.

Yanzu layinmu mata da yawa sun koyi wannan ɗauri, amma a wajenta muka gani. Har yau in hidima ta fitar da ita, ni ke ɗumama wa Baba, kuma ban manta abin da ta roƙe ni ana gobe za ta asibiti ba. Ta ce:

"Inna, fari nasa ne. In ya tambaya, kada ki ɓoye masa. Abu ɗaya nake roƙo, ki zauna da shi har ya gama. Ba ya son ci shi kaɗai."