Motar Baba da Ba Ta Kai Mu Ko'ina Ba

Duk sanda na shaƙi warin soson kujera da ruwan sama ya jiƙa, raina yakan ɓaci tun kafin in tuna dalili. Motar Baba ce dalilin.

Ina 'yar shekara tara ya sayo ta a Daudawa, a hannun magadan wani tsohon malamin auduga. Ta yi shekaru a gindin dalbejiya har tayoyinta suka nutse a ƙasa. Shanun nomanmu biyu ne suka jawo ta zuwa ƙauyenmu, Baba na ciki riƙe da sitiyari, yana ɗaga wa mutane hannu.

Ba zan yi maku ƙarya ba, tana da kyau. Ruwan madara ce, mai dogon hanci, ƙarfen bakinta na ƙyalli in mun goge shi da toka. Kaka, mahaifiyar Baba, ta zagaya ta sau ɗaya da sandarta.

"To, mi za ta yi muna?"

"Hajiya, irin wannan ƙarfen an daina yin shi. Gyara kaɗan ya rage."

Gyara kaɗan ɗin nan ya ci damina uku. Makaniki ya zo daga Ƙanƙara, ya ci tuwo, ya kwance wani abu ya tafi da shi. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, mu yaran gida mu tura ta zuwa gangaren rafi. Ta yi tari biyu, ta buɗe mu da hayaƙi, ta mutu. Sannan mu turo ta hawa, cikinmu na kuka. Da aka ce sai an sake inji, Baba ya sayar da shanun. A shekarar da fartanya muka yi huɗa, masararmu ta zo bayan ta kowa.

Wata rana da hantsi, tsakiyar damina, naƙuda ta zo wa Inna da gardama. Ungozoma ta fito ta ce a kai ta asibitin Faskari, yanzu-yanzu. Baba ya ruga mota, ya kori kazar da ke kwanci a kujerar baya, ya murza makulli. Shiru. Matan gida suka ɗaure zane suka tura, har da Kaka, taɓo na kama ƙafafunsu. Ina jin nishin Inna daga ɗaki. Ban taɓa jin haushin wani abu kamar na wannan ƙarfen ba.

Maƙwabcinmu ne ya zo da amalankensa da shanunsa. Kafin su kai titi Inna ta haifi ɗa namiji a hanya, mata sun kare ta da zannuwa. Allah ya raya su duka biyun, amma ta yi wata biyu ba ta miƙe ba. Baba bai sake taɓa makullin ba. Kaka ta riƙa shanya kuɓewa a kan motar har 'yan gwangwan suka zo suka ɗauke ta.

Yanzu zamani ya juya. Wai masu hali a birni irin waɗannan tsofaffin motocin suke nema. Shekaranjiya ƙanen nan nawa, da yake zaune a Sabuwa, ya turo mani hoton wata a waya, ciyawa ta fito ta tagarta. Babur ɗinsa zai sayar ya saye ta, matarsa kuma da cikin wata bakwai.

"Yaya, ya kika gani?"

Na ce, "Kafin ka sayar da babur ɗin, je ka gaida Inna, ka tambaye ta inda ta haife ka."