Turmin Inna a Bayan Motar Asibiti

Akwai wata rana a daminar bara da har yau ba ta fita raina ba, kuma ku da kuka kama aiki bayana ya kamata ku ji ta. Ni ba ma'aikaciyar jinya ba ce, firamare kawai na yi. Aikina a ƙaramin asibitinmu na wajen Tsaskiya shi ne shara, wanke kayan haihuwa, da raka mace idan Sista Hajara, shugabarmu, ta ce haihuwar ta fi ƙarfinmu, a wuce babban asibiti a Batsari.

Motar da muke kai mata da ita a-kori-kura ce ta hannu, mutanen gari suka haɗu suka saya. Kafin ruwa ya sauka aka kai ta wajen bakanike ya ƙara mata sifirin a ƙafafu, ta ɗaga sama, don kada cikinta ya riƙa taɓa ƙasa a rafi. Da ta dawo maza suka kewaye ta suna yabo. Ni kuwa tsayinta na tsaya kallo.

Ranar da nake faɗa, da hantsi aka kawo Rabi, haihuwar fari, ta kwana tana naƙuda. Sista ta duba ta ce ɗan ya zo a gicciye. Muka fito da ita, sai ga shi ƙafarta ba ta kai bakin motar. Baba Sule direba ya juya baya, ba dama ya kama matar wani, mijin kuma yana Legas. Surukarta, Inna Delu, ta shiga maƙwabta ta ɗauko ɗan turmin dakan yaji ta kife. Rabi ta taka, muka ja ta.

Na ɗauki turmin na jefa a baya. Baba Sule ya ce, "Maman Nana, daka za ku yi a Batsarin?"

Na ce, "Baba, in mun je da me za ta sauka?"

Muka tafi har da Inna Delu, 'yata Nana na goye a bayana don ba ni da wanda zan bar wa. A rafin da ke hanya ruwa bai kai gwiwa ba, amma yashi ne mai laushi. A irin nan direba kan ja wata ƙaramar giya, ƙafafu huɗu su ja tare. Ya ja. Muka ji ƙas-ƙas-ƙas daga ƙasa, tayoyin gaba ko motsi, na baya suka haƙa rami suka zauna.

Ya sauko yana salati. Ya ce tun da aka ɗaga ta, ƙarfen da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba ya karkace, yakan kama yakan saki. Ya fito da jak don ya ɗaga baya a cusa itace. Jak ɗin na tsohon tsayinta ne. Ya murɗa har ƙarshe, bai taɓa jikin motar ba, sai nutsewa yake a yashi.

Hadari ya haɗu ta gabas. Kun san rafinmu, ko ba a yi ruwa a kanka ba, wanda aka yi can sama da mu zai iya gangarowa ya isko ka. Rabi ta daina kuka, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Na riƙe hannunta, ɗaya hannun yana bayana a kan ƙafar Nana, na rasa addu'ar wa zan fara.

Sai Baba Sule ya leƙo, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, a ara mini turmin nan."

Inna Delu ta ce, "Au, kai ma dakan za ka yi?"

Ya kife shi a yashi, ya ɗora jak a kai. Motar ta fara tashi. Wasu makiyaya da ke shayar da shanu suka saro rassa aka cusa ƙarƙashin tayoyi, suka sa kafaɗa. Turmin ya yi ƙara ya tsage, amma bai rabu ba sai da taya ta hau itace. Muna hawa tudu yayyafi ya fara.

An yi wa Rabi aiki, aka ciro ɗa namiji da rai. Likita ya ce mun zo a kan gaɓa.

Bayan sati Baba Sule ya mayar da motar aka rage mata tsayi, aka gyara ƙarfen gaba, aka liƙa mata matakala.

Ban ga laifin kowa ba, duk alheri suka nufa. Sun auna zurfin rafi, ba wanda ya auna ƙafar mace mai ciki, don ba su ke hawa da naƙuda ba. Shi ya sa yanzu in an kawo sabon abu asibitin nan, gado ne ko mota, kafin in ce madalla sai na fara tunanin Rabi tsaye a gabansa. Ku ma ku riƙa yi, kuma in kun ga abu ku faɗa, ko da tsintsiya ce a hannunku.