Man Gyaɗan da Na Zuba a Ƙofar Mota

Kowa a gidanmu ya ɗora wa matar yayana laifin abin da ya faru, wai sakacinta ne. Ba ita ba ce, ni ce.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina zaune wurin yayana a Gidan Dahala. Ni ba ni da haƙuri, abu in ya dame ni sai na ga bayansa. Tsohuwar motarsa tana ajiye a tsakar gida, ƙofar baya kuwa in an buɗe ta, kukanta har cikin haƙorana nake jin sa. Na yi masa magana, ya ce makanike ya ce farin giris ake sa wa, zai sayo. Matarsa ta yi dariya ta ce in bar mata mai gadinta, da wannan kukan take gane cewa 'yarta mai shekara huɗu ta shiga motar wasa. Na ɗauka raha ce. Da suka fita biki, na ɗebo man gyaɗa a kicin na tsiyaya a mahaɗin ƙofar da cikin makullinta, ina cewa ai mai duk mai ne. Ƙofa ta yi tsit. Ban gaya wa kowa ba.

Da zafin bazara ya kankama, man ya haɗu da ƙasa ya zama danƙo, ƙofar ta fara cijewa. Na lura, na yi shiru.

Wata rana bayan azahar aka nemi yarinyar aka rasa. Muka zaga maƙwabta, muka leƙa har rijiya, ba wanda ya tuna da mota, tunda ba a ji kukan ƙofar ba. Ni na hango tafin hannunta a jikin gilashin motar. Na ja ƙofa, ta ƙi. Da taɓarya uwarta ta fasa gilashin, aka ciro ta jiƙe sharkaf, ba ta ko motsi. Kwananta uku a asibiti kafin ta gane mu.

Ta rayu, amma har yau yayana ba ya cin abinci daga hannun matarsa, ita kuma ba ta taɓa kare kanta ba. Kallona kawai take yi wani lokaci. Ina jin ta shinshino man.

'Yan'uwa, abin da ba ku san kansa ba ku tambayi masu shi, kuma kafin ku kashe wata ƙara a gida, ku bincika wa ke saurarenta. Ni dai yau in yayana ya dawo daga kasuwa, a gaban matarsa zan gaya masa abin da na yi.